Kafaɗar da Nake Ɗaukar Baba da Ita

Ni tela ne, kuma ban san sana'ar da ta kai ɗinki rashin buƙatar ƙwanji ba. Duk da haka tun ina saurayi nake ɗaga ƙarfe, a wani kango da ke bayan garejin wani bakanike a Ali Kazaure. Ba don komai na fara ba sai don riga ta zauna mini a jiki, a ga ƙirji. Baba ya sha yi mini ba'a a kan haka. Shi da ya yi ƙuruciyarsa yana haƙar kuza, daga baya ya koma lodin buhunan dankali a kasuwa, bai ga hikimar mutum ya ɗaga abu mai nauyi ya mayar da shi inda ya ɗauko ba tare da an biya shi ko sisi ba. In na shigo gida ina haki sai ya ce, "Tela, yau mota nawa kuka loda?" Tela yake kirana, don sunan mahaifinsa aka sa mini, bakinsa ba ya iya faɗa.

Hawan jini ya kayar da shi wata safiya yana alwala. Da aka sallame mu daga asibiti, ɓarin damansa gaba ɗaya ya shanye. Magana ta dawo masa a hankali, a karkace, amma hankalinsa garau yake, har ya fi nawa. Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya tana lissafa mini abubuwan da zan saya, sai ta ce kada in manta da famfas na manya. A gabansa ta faɗa, da ƙarfi, yadda ake magana a kan marar lafiya kamar ba ya wurin. Muka iso gida na kwantar da shi. Ya kamo wuyan rigata da hannun hagu ya ce, "Tela, duk abin da za ku yi da ni ku yi. Amma kada a ɗaura mini ƙunzugu kamar jariri ina cikin hankalina." Na ce masa muddin ina numfashi ba za a ɗaura ba. Da gaske na faɗa, kuma a lokacin ban ga wuyarsa ba, don ina ji da ƙarfina.

Babu wanda zai cika alkawarin sai ni. Mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya. Yayana yana aiki a Kaduna, yana turo kuɗi da shawara, shawarar ta fi yawa. Ƙannena mata kowacce tana ɗakin mijinta. Matata kuwa ita take dafa masa abinci, ita take wanke masa kaya, amma suruka ba ta ganin tsiraicin surukinta, ba ma maganar da za a tayar ba ce.

Gidanmu a kan dutse aka gina shi, kamar gidaje da yawa a Jos. Ɗakin Baba yana sama, banɗaki yana can ƙasa ta baya, tsakaninsu matakala da aka sassaƙa a jikin dutsen aka lilliƙa mata siminti. Keken guragun da Yaya ya aiko bai iya bin ta ba, ya zama wurin rataye tawul. Sai na huda kujerar roba na ɗora a kan masai, na kuma ɗinka wata faffaɗar ɗamara da yadin kaki ninki uku. In Baba ya buga sandarsa a ƙofa, sai in zaunar da shi a bakin gado, in juya masa baya, in zagaya mu da ɗamarar, in miƙe da shi. Goyo ne, ba wani abu ba, kuma ɗamarar majanyi ce, amma ba wanda ya taɓa kiranta haka a gidan. Bel muke cewa. Baba ƙato ne, mai manyan ƙasusuwa, kuma ɓarin da ya mutu ya fi mai ran nauyi, don ba ya taimaka maka da komai.

Daga nan zuwa kango ya tashi daga ado ya koma aiki. Baba ma ya daina tambayata mota nawa muka loda.

Kafaɗata ta dama ta daɗe tana mini ciwo tun kafin wannan, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba, don duk wanda ya daɗe a kangon nan yana da shi. Harajin ƙarfe muke ce masa. Kayanmu ba irin na talabijin ba ne. Faifan birki ne da tsofaffin giyoyin mota da bakaniken ya walda a jikin rodi. Mafi girma a ciki shi muke kira Tirela: dogon bututun ƙarfe, kowane gefe da curin kankare da aka zuba a bokitin fenti. Bokiti iri ɗaya, cika iri ɗaya, don haka ba wanda ya taɓa tunanin auna su. Ɗaya curin ya ɗebo koren fenti daga bokitinsa, kuma tun fil azal shi ake juyawa wajen bango, wato hannun dama ga wanda ya kwanta a benci. Kowa in ya tura, hannun damansa ne yake makara. Muka ce ai ƙasar wurin ce ba daidai ba, muka sa guntun katako a ƙarƙashin ƙafar bencin, muka ci gaba shekara da shekaru.

Wata rana da yamma ina kwance ina tura Tirela, sai na ji wani abu a kafaɗata kamar an ɓarke ɗinki. Hannun ya saki. Bututun ya karkata dama, koren curin ya daki dutsen da ke ƙasa ya rabe biyu. Allah ya sa bai sauka a wuyana ba. Ina zaune riƙe da kafaɗa, gumi mai sanyi yana keto mini, sai na lura cikin kankaren baƙi ne, yana ɗan ƙyalli. Ban san dalilin da ya sa na jefa gutsure ɗaya a aljihu ba.

A gida na nuna wa Baba. Ya ɗora shi a tafin hannunsa na hagu, ya jinjina, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake, da rabin baki, har da hawaye. Ban sake ganin ya yi irinta ba.

"Wannan ai baƙin yashin kuza ne," in ji shi, "wanda ake zubarwa bayan an gama wanki. Ya fi yashin rafi nauyi nesa ba kusa ba. Ɗayan fa?"

Washegari muka fasa gefen ɗayan da guduma. Fari ne, yashin gini na kowa da kowa. Sai a sannan bakaniken ya tuna cewa ranar da ya zuba su yashi ya ƙare masa bayan bokitin farko, ya je ya ɗebo daga wani tsibi a bakin tsohon ramin kuza. Ka ji fa. Ƙarti majiya ƙarfi, 'ya'yan mahaƙa da jikokinsu, mun yi shekaru muna ɗaga kaya a karkace muna zagin ƙasa. Na ji haushi har ina jin ɗaci a bakina, kuma babu wanda zan huce a kansa, don shi ma bakaniken hannun damansa ba ya kaiwa ƙeya.

Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce jijiyar da ke riƙe da kafaɗar ta soma yagewa, ba ta rabu duka ba. Ya ce in huta wata da watanni, kada in ɗaga abin da ya fi buta nauyi, in ba haka ba sai tiyata, kuma bayan tiyata hannun zai daɗe a rataye. Na ce masa akwai wanda ya fi buta nauyi yana jirana a gida. Ya ce in nemi wani ya karɓe ni. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai san Baba ba.

Na gwada. Akwai maƙwabcinmu, magidanci mai kirki, direban tifa, ya ce shi zai riƙa shigowa safe da yamma. Ranar farko Baba ya rufe ido tun daga ɗaki har aka dawo da shi, bai amsa sannu ba. Rana ta biyu ya ce ba ya jin bayan gida. Ta uku ma haka, har cikinsa ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe shi. Na yi wa maƙwabcin godiya, na ɗauko bel.

Wanda ya nuna mini yadda zan ci gaba wani tsohon abokina ne ɗan Anguwan Rukuba. Da tare muke ɗaga ƙarfe a kangon, kafin rikice-rikicen garin su sa kowa ya riƙa duba unguwar da zai sa ƙafa. Yanzu a shagona na Kwararafa muke haɗuwa, inda ni da shi duka ba mai kallonmu sau biyu. Ya yi ƙwallo a ƙuruciya, ba gaɓar da bai taɓa jin ciwo a cikinta ba, kuma ya daɗe yana bin masu gashin ƙashi har ya kwashi wani abu daga gare su. Ya sa na ɗaga hannu, ya ga inda fuskata ta canja.

"Oga tela, kai da benci kun rabu," in ji shi da Hausarsa ta koyo. "Kafaɗa ba ya son gardama. Duk abin da zai wuce kanka, ka manta da shi. Ƙafa ne zai ɗauki Baba, ba hannu ba."

Ya yanko mini tsohon tib na tayar babur ya ɗaure a ƙarfen tagar shago. Ya ce in manna gwiwar hannu a haƙarƙari, in riƙa jan robar waje a hankali, in mayar a hankali. Na ce masa wannan ai wasan yara ne. Ya ce, "To yi mu gani." Kafin in je ko'ina hannun ya soma karkarwa kamar na mai jin sanyi. Ni da nake tura Tirela, ga roba ta ba ni kunya a gaban masu jiran ɗinki.

Shi ne kuma ya ce in daina horar da jikina don ƙarfe, in horar da shi don Baba. Na samo buhu na ɗura masa yashi, na rafi, da idona na duba. Ina ƙarawa ina ragewa har bayana ya ce mini nauyin ya yi daidai da na Baba, sannan na ɗinke bakin da zaren kaina na ajiye shi a kango. Abin da nake yi ke nan kullum da sassafe kafin in buɗe shago: in rungume buhu a ƙirji, in zauna a kan benci, in tashi, in zauna, in tashi. In goya shi da tsohon bel in zagaya kangon. Samarin da suka zo bayanmu, masu ɗaukar kansu hoto a waya, suna kallona ta gefen ido. Wata rana na ji wani yana cewa oga ya koma dako. Na so in nuna masa abin da hannun hagu kaɗai zai iya, sai na tuna ba ni da gaɓar da zan yi asara kuma.

Haka muka lallaɓa har damina ta shigo. Damina a Jos ba ta barin dutse ya bushe, gansakuka takan fito a matakalarmu komai yawan gogewa. Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, Baba ya buga sanda da sauri, irin bugun da na san ba na jira ba ne. Na goya shi muka kama hanya. A tsakiyar matakalar ƙafata ta hagu ta zame. Da ni kaɗai ne da na dafa bango da hannun dama, amma na san hannun ba zai riƙe mu ba, kuma in muka tafi baya kan Baba ne zai fara isa dutse. Sai na bar ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashina na zauna a kanta da nauyinmu mu biyu. Zafin ya tafi har cikin haƙorana.

Baba bai ji ciwo ko ɗaya ba. Amma abin da muke sauri mu kai banɗaki ya zubo a bayana, na ji ɗuminsa yana bin ƙuguna. Matata ta leƙo daga kicin, na daka mata tsawa ta koma da yara. Na ja gindi da shi a bayana har ƙasa, na wanke shi, na wanke kaina. 

Idon sawun ya kumbura ya yi baƙi. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya sa mutum biyu suka danne ni ya ja ƙafar har na ga duhu. Ba na zaginsa, na ga waɗanda ya ɗora suka miƙe. Ni dai kumburin ya saɓe, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Ta zama sako-sako, in na taka ɗan dutse sai ta nemi juyawa. Abokina da ya gani ya girgiza kai ya ce, "Abin da ya riga ya yage, kai kuma ka je an ƙara ja shi." Ya ƙara mini aiki: in tsaya da ƙafa ɗaya ina guga a shago, in riƙa ɗaga dunduniya ina saukewa ina riƙe da tebur, in ja robar nan da yatsun ƙafa. In an ɗauke wuta, keken ɗinki da ƙafar dama kaɗai nake taka shi, ɗinkin da nake gamawa a yini ya koma kwana biyu.

Matakala ta gagare ni da mutum a baya. Dole na hau da kujerar robar ɗakin Baba, na sa bokiti a ƙarƙashi, na kewaye da labule. Na san abin ya yi masa ciwo, don a ɗakin yake sallarsa a kwance, a nan yake lazimi. Ya kalli labulen ya kau da kai. Tafiyar ta ragu, daga gado zuwa kujera kawai, amma wannan ɗagawar ita ta fi cin kafaɗa. Gaba da gaba ake yin ta: in sunkuya, in zura hannaye ta ƙarƙashin hammatarsa, kansa ya kwanta a kafaɗata ta dama, in miƙe da shi in juya a kan ƙafar da ba ta da tabbas. Kowace ɗagawa sai na ji kamar an soka mini allurar buhu a cikin gaɓar. Nakan danne numfashi don kada ya ji.

Safiyata ta zama ta gyaran jiki, kamar tsohuwar mota. In jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri, in naɗe ta da bandeji, in zura ta a wani takalmi mai dogon wuya da na samo a gwanjon kasuwar Katako. In shafa man zafi a kafaɗa, in ja roba har ta ɗau ɗumi, sannan in shiga wurin Baba. Ƙwayoyin kashe zafi na kemis na sha su har cikina ya soma ƙuna, na rage. Kwanciya a ɓarin dama ta haramta gare ni. Na zama mai saurin fushi, yarana suka koyi bin bango in na shigo. Amma ban fasa zuwa kango ba, don na ga in na yi kwana biyu ban rungumi buhun ba, Baba yakan fi mini nauyi.

Can wajen ƙarshen damina sai abu ya soma sauƙi. Na sunkuya na ɗaga Baba wata rana, ya taso mini ba gardama. Washegari ma haka. Zafin yana nan, amma ba ya kai ni ga cije leɓe. Kuma bugun sandar ya ragu, wani lokaci yini guda bai kira ni ba sai don fitsari. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba. Na ce wa matata roba ta yi aiki. Na saya wa abokina tsire. Har Yaya na kira na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ƙarfina ya dawo. Ina ganin ramar Baba in ina masa wanka, haƙarƙarinsa sun fito, amma an gaya mini a asibiti cewa jikin da ba ya motsi yana zubewa. Abinci kuma kwano yana fitowa tas. Shi kaɗai yake ci, ƙofa a rufe, don da hagu yake ci yanzu kuma ba ya son a gani.

Buhun ne ya ƙi yarda da ni. Baba yana rage nauyi, shi kuwa yana nan yadda yake, in na rungume shi sai na ji allurar nan daram. Har na zargi samarin da ƙara mini yashi don su yi dariya. Wata safiya na tayar da rigima a kan haka, na faɗi maganganun da ba su dace da mai shekaruna ba. Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin mota ya juya bakin buhun ya ce, "Wannan ba ɗinkinka ba ne? Wa ya taɓa shi?" Ɗinkina ne, ba a warware ko zare ɗaya ba.

Na kasa zama a shago ranar. Da azahar na rufe na nufi gida, kuma saboda ƙafar ba ta son hawan da ke gaban gidanmu, na bi ta lungun baya, inda ban cika bi ba. Tun daga nesa na hango kaji sun taru a ƙarƙashin tagar Baba suna ɗaga kai, irin taruwar waɗanda suka san lokaci. Na tsaya. Hannunsa na hagu ya fito ta tsakanin ƙarafan tagar da loma ta shinkafa da wake, ya saki. Ya koma, ya sake fitowa. Na tsaya a wurin har ya gama, har ya sharce kwanon da yatsa ya yarfe.

Na shiga ɗakin ba sallama. Yana goge hannu da tsumma.

"Baba, kiwon kaji ka fara?"

Ya dube ni, ya dubi taga. "Na maƙwabta ne. Sadaka ce."

"Tun yaushe?"

 Ya daɗe yana motsa baki, yana tattaro kalmomin, don in ransa ya ɓaci harshen yakan ƙara nauyi. Sannan ya ce, "In ka rungume ni, kunnena a kan kafaɗarka yake. Ina jin ta. Ƙara take yi kamar ana taka tsakuwa. Kai kana riƙe numfashi, kana zaton kurma ne ni."

"Wannan ba damuwarka ba ce."

"Kana da yara ƙanana. Da hannun nan kake ci da su. In ban ci ba, ba na fita. In na rame, ka huta."

A rayuwata ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce, "Ni na ce maka na gaji? Na taɓa cewa na gaji?"

"Ba ka ce ba," in ji shi. "Ita ta ce."

Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi. Haushinsa nake ji, da haushin kaina, da tsoro, tsoron ya fi yawa. Duk tsiren da na saya da wayar da na buga, ashe yunwar ubana nake yi wa murna.

Daga ranar na koma zama a kansa in zai ci abinci. Ya ce ba zai ci ana kallonsa ba, na juya masa baya, na toshe tagar da kwali. Sai ya yi loma biyu ya ture kwanon. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na kira limamin unguwa ya yi masa nasiha a kan cutar da kai. Ya saurara da ladabi, ya ce to, ya ci gaba da abinsa. Na rantse masa cewa kafaɗar ta warke, har na ɗaga buta cike da ruwa sama da kaina don ya gani, fuskata ta tona ni. Ruwa ma ya soma rage sha. Leɓunansa suka tsattsage, wata safiya na same shi bai gane ni da wuri ba.

A nan na fahimci inda muka tsaya. Muddin ni zan ɗaga shi duk lokacin da ya ci, ba zai ci ba. Alkawarin da na yi masa shi yake kashe shi, kuma shi ba zai taɓa buɗe baki ya janye ba. Na kwana biyu ina juya abin. Na ƙara nauyin horo kamar mahaukaci, ina ganin in na matsa kafaɗar za ta yi shiru, sai ta wayi gari ba ta ko ɗaga almakashi.

Ban saya a kemis ɗin unguwarmu ba. Na hau keken haya mai ƙafa uku na je can cikin gari inda ba a san ni ba, na ce a ba ni famfas na manya, a sa mini a baƙar leda. A shago na ɗinka wanduna biyu masu faɗi, masu maɓalli ta gefe, yadda ba za a gane akwai wani abu a ciki ba. Bayan la'asar na shiga ɗakin na ajiye ledar a gefen gadonsa. Ya san ko mene ne, ba sai ya buɗe ba. Ya zuba mini ido yana jira.

Na shirya maganganu da yawa a hanya, na likita, na lalura, na cewa addini ya yi sauƙi. Da na ga idonsa sai na san ba ɗaya da zai karɓa a ciki. Abu ɗaya ne kawai zai sa ya yarda, kuma shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba tun da na fara ɗaga ƙarfe.

"Baba, na kasa," na ce. "Kafaɗar ta ƙi. Ka taimake ni."

Ya sake duban ledar. Sannan ya ce, "Rufe ƙofa."

Na mirgina shi wajen bango da hannun hagu da gwiwa, yadda abokina ya taɓa nuna mini, na shimfiɗa, na mirgino shi, na manne gefe da gefe. Abin bai ɗauki lokaci ba, kuma kafaɗata ba ta ji komai ba, wannan ma ya ƙara mini baƙin ciki. Na sa masa sabon wandon na ja masa bargo. Fuskarsa tana wajen bango. Idon ɓarin da ya mutu dama yakan yi ruwa, sai na bar shi a haka ban duba ɗayan ba.

"Ka ce a kawo abincin," in ji shi.

Matata ta miƙo tuwo da miyar kuɓewa ta bakin ƙofa. Na tallafe shi da matashi. Bai ce in juya baya ba. Ya ci da hagu a gabana, loma bayan loma, ba daɗi a fuskarsa, yadda ake shan magani, har ya cinye. Ya sha ruwa kofi guda. Na ɗauki kwanon zan fita, sai ya yi magana ba tare da ya kalle ni ba.

"Gobe Juma'a, mutanen nan za su zo."

Tsofaffin abokansa na kasuwa yake nufi, waɗanda sukan biyo bayan an sauko daga masallaci su zauna a ɗakinsa su yi ta hira har yamma.

"In sun zo ka ce musu barci nake."

Haka na gaya musu washegari, a zaure, suka bar masa goro da gaisuwa. Haka na gaya musu Juma'ar da ta biyo baya, da wadda ta bi ta. Baba yana ci, jikinsa ya soma dawowa, ni kuma ina tsayawa a zaure ina cewa barci yake, har suka daina zuwa.